Yadda ake gina siffar jikin mutum a kwamfuta daga awon na'ura

Siffar jiki ta kwamfuta kwafi ce ta jikin wani mutum, ko ta wani rukunin mutane, da aka gina da lambobi zalla. Tana da tsawo da faɗi da kauri, ana juya ta ta kowace fuska, ana auna ta, ana lanƙwasa gaɓoɓinta, ana kuma iya fitar da ita a riƙe a hannu ta hanyar na'urar ɗab'i ta 3D. Hoto launi yake ɗauka daga ɓangare guda, ita kuwa wannan siffa awo take ɗauke da shi: kewayen cinya santimita nawa, zurfin ramin ido milimita nawa. Likitocin tiyata da masu haɗa ƙafar roba da kamfanonin tufafi da masu ƙera motoci da masu shirya fim duk suna aiki da ita. Kowace irin wannan siffa abu biyu ne a cakuɗe, wato abin da na'ura ta auna da gaske, da abin da lissafi ya cike a inda na'urar ta gaza. Rarrabe waɗannan biyu shi ne jigon sana'ar, kuma a nan ake gane siffar da za a dogara da ita.

Aikin ya fara ne da hannu. A 1972, a Jami'ar Utah ta Amurka, wani ɗalibi mai suna Edwin Catmull, wanda daga baya ya shiga sahun waɗanda suka kafa kamfanin Pixar, ya zuba hannunsa na hagu da filasta, ya zana ƙananan gidaje kimanin 350 a jikin zubin, ya auna matsayin kowace kusurwa ɗaya bayan ɗaya, ya shigar a kwamfuta. Da wannan shi da abokin karatunsa Fred Parke suka yi ɗan gajeren fim na hannu yana buɗewa yana rufewa. A shekarun 1980 kamfanin Cyberware na jihar Kalifoniya ya fito da na'urar leza mai zagaya kan mutum ta ɗauko siffarsa cikin 'yan sakanni, kuma da ita aka ɗauki 'yan wasan fim ɗin Terminator 2 na 1991. Abin da Catmull ya yi da hannu shi na'urorin yau suke yi, sai dai su ɗigo miliyoyi suke aunawa kafin ƙiftawar ido.

Hanyar da ta fi yawa wajen ɗaukar bayan fata ita ce ta haske mai tsari. Na'urar tana da fitila da kyamara a jere, tazarar da ke tsakaninsu sananniya ce. Fitilar tana watsa layuka ko ɗige-ɗige a jikin mutum, sai layukan su karkace bisa tudu da kwarin jiki, kyamarar ta ga karkacewar. Tunda an san tazarar, an kuma san kusurwar da haske ya fita da wadda ya dawo, lissafin alwatika yana ba da nisan kowane ɗigo. Na'urar wasa ta Kinect da Microsoft ya fitar a 2010 haka take aiki, kuma ita ta karya farashin wannan fasaha har ɗalibai suka samu damar taɓa ta. Wayar iPhone X ta 2017 ɗigo sama da 30,000 na hasken infared, wanda ido ba ya gani, take watsawa a fuskar mai ita kafin ta buɗe. Wasu na'urorin kuma lokaci suke aunawa: su harba haske su jira dawowarsa. Abin da ke nesa da mita ɗaya, haske yana zuwa ya dawo cikin kimanin kashi 7 cikin biliyan na sakan.

Akwai kuma hanyar hotuna masu yawa. A manyan ɗakunan ɗaukar 'yan fim da 'yan ƙwallo, ana kewaye mutum da kyamarori sama da ɗari, su ɗauka a tare, manhaja ta nemo tabo iri ɗaya a hotuna daban-daban ta lissafo inda yake. Da waya guda ma ana yi, mai ɗauka ya zagaya yana ɗaukar hotuna gommai, amma da sharaɗin kada wanda ake ɗauka ya motsa.

Wannan sharaɗi shi ne matsala ta farko, domin mai rai ba ya tsayawa cak. Yana numfashi, yana rangaji ba tare da ya sani ba, yaro kuwa ba a magana. Sai wuraren da haske ba ya kaiwa: hamata, matsematsi, tsakanin yatsu, bayan kunne, tafin ƙafar da aka taka. Gashi yana watsa haske, gumi da man shafawa suna ƙyalli su rikita kyamara. Abu mai duhu yana shanye hasken da ido ke gani ya maido kaɗan, don haka baƙar fata ta fi wahalar ɗauka da farin haske, sai an gyara ƙarfin fitila da buɗewar kyamara. Na'urorin infared sun fi sauƙin wannan, saboda sinadarin da ke ba fata duhu ba ya shanye infared sosai. Su kuma rana ce abokiyar gabarsu, domin haskenta cike yake da infared. Wanda zai yi wannan aiki a ƙauye irin Bacirawa, inuwar zaure ko ɗakin asibiti zai nema, ba tsakar gida da hantsi ba. A ƙarshe akwai tufafi. Na'ura abin da ta gani take aunawa, idan mutum yana cikin babbar riga ko hijabi, siffar rigar za a samu. Shi ya sa manyan ayyukan awon jiki suke sa mutane matsattsun kaya da hular da ke danne gashi.

Abin da ke fitowa daga na'ura tarin ɗigo ne, kowanne da lambobi uku na matsayinsa, wani lokaci da launinsa. Ana goge ɗigon da ba na jiki ba, irin na bango da ƙasa. Ana ɗinke ɓangarorin da aka ɗauka ta gaba da baya da gefe, ta hanyar matsar da su a hankali har su hau kan juna, dabarar da Paul Besl da Neil McKay suka wallafa a 1992 kuma har yau ake amfani da ita. Daga nan sai a haɗa ɗigo uku-uku su zama ƙananan alwatika, alwatikan su zama raga mai rufe jiki. Ramukan da suka saura manhaja ce take toshe su da hasashe. A nan hasashe ya fara shiga, kuma a fuskar kwamfuta ba a gane wurin da aka auna da wurin da aka toshe, sai idan ma'aikacin ya yi masa alama.

Ragar da aka samu haka ba ta san kanta ba. Ba ta san ina gwiwa take ba, ba a kuma iya kwatanta ta da ragar wani mutum, domin adadin ɗigonsu da jerinsu sun bambanta. Maganin wannan shi ne a tanadi ragar samfuri guda, tsaftatacciya, wadda aka san ɗigo kaza kan hanci ne, ɗigo kaza idon sawu ne, sai a ja ta a miƙa ta har ta lafe a jikin awon. Brett Allen da Brian Curless da Zoran Popović na Jami'ar Washington sun nuna a 2003 cewa idan an yi wa ɗaruruwan mutane haka, ana iya lissafo matsakaicin jiki da manyan hanyoyin da jikuna ke sauka daga gare shi: tsawo, ƙiba, faɗin kafaɗa, tsawon ƙafa a kan tsawon gangar jiki, da sauransu. Samfurin da ya fi shahara a yau shi ne SMPL, wanda ƙungiyar Michael Black ta Cibiyar Max Planck da ke Tübingen a Jamus ta fitar a 2015. Ragarsa ɗigo 6,890 ce, gaɓoɓinsa 23, kuma galibi da lambobi goma kacal ake bayyana ƙirar mutum da shi.

Ƙwararren tela a kasuwar Kwari idan an ba shi tsawo da kafaɗa da wuya, zai yanka sauran rigar daga abin da ya saba gani a jikin dubban mutanen da ya taɓa aunawa, kuma rigar za ta zauna, muddin mai ita yana kama da mutanen da telan ya saba da su. Haka samfurin lissafi yake, don haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce jikin su wa ya koya. An koyar da ƙirar SMPL ne daga rumbun awo mai suna CAESAR, wanda aka tattara tsakanin 1998 da 2000 a ƙarƙashin jagorancin masu bincike na rundunar sojin saman Amurka, daga mutane kimanin 4,400 masu shekara 18 zuwa 65 a Arewacin Amurka da Holan da Italiya. Birtaniya ta yi nata awon na mutane 11,000 a 2001 domin masu sayar da tufafi. Ba yara a CAESAR, ba tsofaffi tukuf. Manomin da ya shafe shekara arba'in a duƙe kan fartanya, da matar da ta tashi da tulu a ka da goyo a baya, da yaron da tamowa ta taɓa, da wanda shan inna ya shanye wa ƙafa, duk jikinsu yana can gefen abin da samfurin ya sani. Idan aka lafa shi a jikinsu, zai riƙa jan siffar zuwa matsakaicin da ya saba da shi, ya miƙar da abin da ke a karkace, ya cike abin da ya rame. Ga mai shirya wasan bidiyo wannan ba laifi ba ne. Ga mai haɗa ƙarfen ƙafa kuwa kuskure ne babba, domin karkacewar da aka shafe ita ce abin da ya zo aunawa.

Motsa siffa kuma wani aiki ne. Ana dasa mata ƙwarangwal na lissafi, a ɗaura kowane ɗigo na raga a kan ƙashi ɗaya ko fiye, da rabon yadda kowane ƙashi zai ja shi. Wannan dabara tana da sauri, amma takan sa gwiwar hannu ta lotse in an lanƙwasa ta, kafaɗa ta murɗe. Ana gyara wannan da awon mutane a tsayuwa da zama iri-iri. A 2015 ƙungiyar ta Tübingen ta ɗauki mutane goma suna tsalle da gudu a wuri guda, sau 60 a kowane sakan, awo sama da 40,000, domin kawai ta koyi yadda tsoka da kitse ke girgiza.

Kamannin fata su suka fi cin lokacin masu fim. A 2000 Paul Debevec ya gina wata na'ura mai haska fuska daga kowace kusurwa, a ɗauki yadda take karɓar haske, har a raba ƙyallin saman fata da launin da ke fitowa daga cikinta. Da irin wannan na'ura cibiyar Smithsonian ta ɗauki siffar Shugaba Barack Obama a 2014. A 2001 Henrik Wann Jensen da abokan aikinsa suka fito da lissafin yadda haske ke shiga fata ya yi yawo ya fito ta wani wuri, abin da ya raba fuskar kwamfuta da kamannin roba. Sai dai Theodore Kim na Jami'ar Yale ya ja hankali a 2020 cewa wannan lissafi farar fata ya fi yi wa hidima, domin a baƙar fata ƙyallin sama ya fi bayyana kamanni, kuma an daɗe ana lissafin gashi a kan miƙaƙƙen gashi da mai ɗan lanƙwasa. Gashi mai nannaɗewa da kitso sai a baya-bayan nan suka fara samun bincike na kansu. Mai son fitar da fuskar dattijon Bacirawa yadda take, da billensa da furfurar gemunsa da bushewar hunturu a kumatunsa, dole ya auna waɗannan kai tsaye, ba zai same su a shirye cikin manhaja ba. Kuskure kaɗan kuma yana da tsada a nan: tun 1970 masanin na'urori na Japan Masahiro Mori ya lura cewa abin da ya kusa zama mutum amma bai ƙarasa ba ya fi tayar da tsigar jiki a kan zanen da bai yi da'awar kama da mutum ba.

Duk wannan bayan fata ne. Cikin jiki kuwa da na'urorin asibiti ake ɗaukarsa. Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI ya ƙera na'urar CT, aka fara gwada ta a kan mara lafiya ranar 1 ga Oktoba 1971 a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, kuma shi da Allan Cormack suka samu kyautar Nobel a 1979. Na'urar tana zagaya jiki da hasken da ake hoton ƙashi da shi, ta fitar da hotunan jiki yanka-yanka. Kowane ɗan gida a hoton yana da lamba a ma'aunin Hounsfield: ruwa sifili, iska 1,000 ƙasa da sifili, kitse kusan 100 ƙasa da sifili, ƙashi daga ɗaruruwa zuwa sama da dubu. Saboda wannan tazara, ware ƙashi daga nama abu ne mai sauƙi. MRI, wadda ke aiki da maganaɗisu, ta fi nuna ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da guringuntsi. Ware hanta ko ƙari daga naman da ke kewaye da shi ya fi wuya. A da likita ke bin yanka ɗaya bayan ɗaya yana zana iyaka, yanzu manhajoji masu koyo suna yi, likita ya duba ya gyara. Bayan an ware, sai a mai da yankan raga, galibi da dabarar da William Lorensen da Harvey Cline na kamfanin General Electric suka wallafa a 1987. Manhajar 3D Slicer da ake wannan aiki da ita kyauta ce, kuma hotunan CT da MRI da ake ɗauka a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sun isa a gina irin wannan siffa da su. Abin lura shi ne hoton CT na ƙirji guda yana ɗora wa jiki haske mai illa ninki gommai na hoton ƙirji na yau da kullum, saboda haka ba a yi wa mai lafiya don kawai a samu siffarsa.

Cikakkiyar siffa ta farko ta ciki da waje daga gawa aka same ta. A 1994 Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka ya fitar da hotunan wani fursuna da aka zartar wa hukuncin kisa a Texas a 1993, wanda ya ba da gawarsa don bincike. An yi mata CT da MRI, aka daskarar da ita, aka riƙa kankare ta milimita ɗaya-ɗaya ana ɗaukar hoto, yanka sama da 1,800. A 1995 aka fitar da ta mace, da yanka sama da 5,000. Koriya da Sin sun yi nasu a farkon shekarun 2000. Amfanin wannan ga makarantun likitanci na arewacin Najeriya a fili yake, domin a ƙasar da ake binne mamaci a ranar da ya rasu, gawar koyo tana da wuyar samu. A tiyata ma an ga fa'ida: a 2022 likitocin Rio de Janeiro a Burazil, tare da Noor ul Owase Jeelani na asibitin Great Ormond Street da ke Landan, sun shafe watanni suna atisaye a kan siffofin da aka gina daga CT da MRI kafin su raba wasu tagwaye da aka haifa kawunansu a haɗe. Amma batun matsakaicin jiki ya biyo har nan. Siffofin da hukumar duniya mai kula da kariya daga haske mai illa ta fitar a 2009 don lissafin abin da kowace gaɓa ke sha, na namiji ne mai santimita 176 da kilo 73, da mace mai santimita 163 da kilo 60, bisa awon mutanen Turai da Arewacin Amurka.

Inda wannan fasaha ta fi kusa da rayuwar manomin arewacin Kano shi ne haɗa ƙafar roba da ƙarfen ƙafa. Hatsarin babur, da ciwon suga, da ruɓewar gaɓa bayan ɗorin gida da aka ɗaure da ƙarfi, su ne ke yawan kai mutane ga yanke ƙafa. Shan inna kuma, ko da yake rabon da a ga ainihin ƙwayarsa a Jihar Kano tun Yulin 2014, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta 2020, ya bar manya da matasa masu yawa da ke buƙatar ƙarfe har ƙarshen rayuwarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 35 zuwa 40 a duniya suna buƙatar irin waɗannan kaya, kuma kusan ɗaya cikin goma ne ke samu. A Kano, Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, shi ne babbar cibiyar wannan aiki, kuma daga 2016 ƙungiyar agaji ta ICRC ta haɗa hannu da shi wajen yi wa waɗanda rikicin arewa maso gabas ya raunata ƙafafu.

A tsohuwar hanya, ma'aikaci yana zana alama da fensir a kan ƙoƙon gwiwa da ƙashin ƙwauri da bakin dungu, ya naɗe dungun da bandeji mai filasta, wanda jama'a ke kira siminti. Kafin ya bushe sai ya danna manyan yatsunsa a gefen jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, ya tallafe bayan ƙafar da sauran yatsun, yana jin inda nama ke da laushi da inda ƙashi ya taso. Idan ya zare kwanson sai ya cika shi da filasta ya samu zubin dungun, ya kankare inda ake son nauyi ya sauka, ya ƙara kauri inda ƙashi zai goga. A kan wannan zubi ake lafa roba mai zafi ta zama gidan dungu. Ƙafar gaba ɗaya a kan wannan gida ta dogara. Milimita kaɗan na kuskure su ne ke zama gyambo, mai ƙafar ya jingine ta a ɗaki ya koma kan sanda.

A sabuwar hanya, ana zagaya dungun da ƙaramar na'ura cikin 'yan mintoci, a yi kankarewar da ƙarin a kwamfuta, sannan injin ya sassaƙa zubin ko na'urar ɗab'i ta gina gidan dungun hawa-hawa da narkakkiyar roba. Ƙungiyar Humanity & Inclusion ta gwada wannan a Togo da Madagaska da Siriya a 2016, daga baya ta faɗaɗa gwajin zuwa kayan tallafin ƙafa a Togo da Mali da Nijar, inda ake ɗaukar awo a wuri ɗaya a aika ta intanet a buga a wani wuri. Ribar a bayyane take ga mutumin Kunchi ko Makoɗa ko Ɗambatta, wanda kowace tafiya birni a tsakiyar damina ranar noma ce ta salwanta, ban da kuɗin mota nasa da na ɗan rakiya. Awon kuma yana nan a ajiye. Dungu yana ramewa a watannin farko bayan yanka, yaro yana girma, don haka kwatanta awon bana da na bara yana nuna inda za a gyara, abin da zubin filasta ba ya bayarwa tunda an riga an kankare shi.

Amma na'urar haske siffar dungu a kwance take ɗauka. Ba ta san laushi ba, ba ta san inda jijiya ke zogi ba, ba ta jin abin da yatsun ma'aikaci ke ji. Saboda haka ba ta cire ƙwararre daga aikin, ta dai sauya masa kayan aiki, kuma wanda bai iya gyaran zubin filasta ba ba zai iya gyaransa a kwamfuta ba. Kuɗin da aka kashe wajen sayen na'ura alhali ba a horar da ma'aikaci ba asara ne. Sannan dacewa da jiki ba ita kaɗai ake nema ba, akwai dacewa da rayuwa. A Indiya, likita P. K. Sethi da mai sana'ar hannu Ram Chandra Sharma sun ƙirƙiro ƙafar Jaipur a 1968 saboda ƙafafun Turai an yi su ne don mai takalmi da kujera, mutanensu kuwa suna tsuguno, suna zaman ƙasa, suna shiga gona ba takalmi. Manomin Bacirawa yana buƙatar ƙafar da za ta bar shi ya tsallaka kunya, ya duƙa shuka, ya yi sujada da zaman tahiya. Idan ba a ɗauki awon gwiwa a lanƙwashe ba, gefen bayan gidan dungu zai riƙa cizonsa duk lokacin da ya zauna sallah.

A shekarun nan an samu dabarun da ke gina siffa mai ban mamaki daga ɗan bidiyon waya, irin su NeRF na 2020 da wata dabara da masu bincike na cibiyar Inria ta Faransa suka fitar a 2023, har da manhajojin da ke fitar da cikakken jiki daga hoto guda. Suna da kyau a ido, kuma za su iya amfanar masu shirya fim na Kannywood da masu ɗinki da ke karɓar aiki daga nesa. Amma bayan mutumin da aka gina daga hoton gabansa hasashe ne tsantsa. Irin wannan siffa ba a yanka roba a kanta, ba a kuma shirya tiyata da ita.

Batu na ƙarshe shi ne haƙƙin mai jikin. Siffar da aka ɗauka cikin matsattsun kaya tana bayyana ƙirar mutum fiye da kowane hoto, kuma a al'ummar da ke kiyaye al'aura ba a ɗaukar wannan da wasa. Larurar magani tana da hukuncinta a wurin malamai, amma larura ba ta wuce gwargwadonta: a ɗauki gaɓar da ake buƙata kawai, mace ta ɗauki mace, a labule wurin, kuma kada awon ya kwana a wayar ma'aikaci. Hoton CT na kai ma, ko an goge sunan mai shi, ana iya gina fuskarsa daga gare shi a gane shi. A Amurka, ɗaya daga cikin dalilan yajin aikin 'yan fim na kwana 118 a 2023 shi ne tsoron a ɗauki siffar ɗan wasa sau ɗaya a yi ta amfani da ita ba izini ba biya, kuma yarjejeniyar da ta kawo ƙarshensa ta wajabta neman yardarsa. Tattara awon jikin mutanen ƙasar Hausa, wanda jami'o'i da asibitocin Kano da Zariya da Sakkwato ya kamata su sa a gaba, ba zai yiwu ba sai da amincewar jama'a, kuma Kano ta riga ta ga abin da rashin amincewa ya haifar lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 zuwa 2004. Bayanin abin da za a ɗauka, da inda za a ajiye, da wanda zai gani, ya kamata a yi shi da Hausa, da baki, kafin a kunna na'ura. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta sanya bayanan lafiya da na siffar jiki da ake gane mutum da su cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma ba mai su damar janye yardarsa da neman a goge su.